Nikon FM2 a dawa: abin da na gani bayan rani biyu ina ɗaukar namun daji da fim

Rani biyu ke nan ina yawo da Nikon FM2 a rataye a wuya. Na je da ita Yankari sau biyu, na je fadamun Haɗeja da Nguru sau ɗaya, ban da fitar da nake yi ranakun Asabar zuwa bakin madatsar ruwa ko gindin wata tsohuwar kuka a bayan gari. A tsawon wannan lokaci na ƙarar da fim 14, kowanne mai cin hoto 36, saboda haka ina ganin na san ta sanin da zai ba ni damar yin magana a kanta ga masu sha'awa irina, waɗanda ba da hoto suke ci ba, amma suke tambaya ko ya dace su zuba kuɗinsu a kan kyamarar da ta girmi wasunsu. Abin da na gano shi ne, ita kyamarar kamar don ƙasarmu aka ƙera ta, domin zafi da ƙura da rashin wuta ba su dame ta ba, sai dai ba kowace dabba ce take tsayawa ta jira mutum ya gama saiti ba, kuma mafi yawan wahalar harkar fim tana farawa ne bayan an ciro fim ɗin daga cikinta.

A hannun wani dattijo na saye ta, tsohon mai hoto wanda ya rufe shagonsa bayan wayoyin hannu sun cinye kasuwar hotunan biki da na suna. Da na tambaye shi, "Baba, har yanzu tana aiki kuwa?", bai amsa mini da baki ba. Ya sa kwabo ya kwance murfin batir da ke ƙasanta, ya zazzage batiran a tafin hannunsa, sannan ya ja hannun fim ya danna, muka ji ƙarar labulenta, wanda yake buɗewa haske ya shiga wa fim, ta fita tsaf. Ya bi matakan gudun labulen ɗaya bayan ɗaya, daga daƙiƙa ɗaya cur har zuwa 1/4000 na daƙiƙa, sannan ya miƙo mini ita ya ce, "Ɗana, wannan ba ta cin komai sai fim." Maganarsa gaskiya ce. Aikin cikinta irin na tsohon agogon da ake wanawa da hannu ne, ƙananan batira biyun nan masu lamba LR44 kuwa ma'aunin haske kaɗai suke ciyarwa, idan sun mutu kyamarar tana ci gaba da ɗaukar hoto a kowane gudu.

Kamfanin Nikon na ƙasar Japan ya fito da ita a 1982, bai kuma daina ƙera ta ba sai a 2001, abin da ya sa har yau ba ta wuyar samu a kasuwar kayan hannu. Tawa ƙirar baya ce wadda ake kira FM2n, ana gane ta da harafin N a gaban lambar da ke bayanta da kuma lamba 250 da aka rubuta da ja a kan maɓallin gudu. Nauyin jikinta gram 540 ne, wanda ba komai ba ne sai an ɗaura mata dogon gilashi. Ni da gilasai uku nake aiki: Nikkor 300mm f/4.5 mai nauyin kusan kilo guda don dabbobi, da 50mm don abin da ke kusa, da 28mm don fili da sararin sama. A ƙauyukan gefen fadama, inda wuta sai an tayar da janareta, na ga abokan tafiyata masu kyamarorin dijital suna bin shagunan cajin waya da batiransu a leda, ni kuwa batiran da na saka tun ranar da na saye ta su ne a ciki har yanzu.

Gudun nan na 1/4000 shi ne abin da ya ɗaga sunanta lokacin da ta fito, domin yawancin sa'o'inta, irin su Pentax K1000 da Canon AE-1, a 1/1000 suke tsayawa. Mai karatu zai iya ɗauka cewa wannan alfahari ne na takarda, amma a ƙarƙashin ranar Arewa yana da amfani na zahiri. Mai ɗaukar namun daji yakan saka fim mai ƙarfin jin haske 400 saboda duhun safiya da inuwar kurmi, kuma da zarar ya saka shi ba zai iya canja ƙarfinsa ba sai ya ƙare. To idan hantsi ya dubi ludayi, hasken yana kaiwa inda fim 400 yake buƙatar f/16 a 1/500 (lambar f tana nuna buɗewar bakin gilashi, idan ta ƙaru bakin yana tsukewa). Mai kyamarar da ta tsaya a 1/1000 ba zai iya buɗe bakin gilashi ya wuce f/11 ba, wanda ke nufin ciyawa da rassan da ke bayan dabbar duk za su fito rangaɗau su dagula hoton. Da FM2 kuwa ana sauka har f/5.6 a 1/4000, bayan ya narke ya yi laushi, gwanki ya fito shi kaɗai a tsaye. Hotunana na gwanki da gwambaza da na fi so duk ta wannan hanya na same su.

Ma'aunin haskenta mai sauƙin fahimta ne. A gefen dama na tagar leƙe akwai jajayen alamu uku masu haskawa, alamar ƙari da sifiri da alamar ragi, mutum yana juya zoben gilashi ko maɓallin gudu har sifirin ya kama. Kashi 60 cikin 100 na awon daga da'irar tsakiya yake fitowa, sauran 40 daga gefe. A rana mai tsabta ban taɓa kama shi da kuskure ba. Amma lokacin da ya fi dacewa da kallon namun daji, wato daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu sa'adda ciyawa ta bushe dabbobi suka taru a bakin ruwa, farkonsa lokacin hunturu ne, kuma sararin hunturu fari ne fat kamar an shafe shi da farar ƙasa. Ma'aunin yana ganin wannan farin sai ya ɗauka haske ya yi yawa, ya umarci mutum ya rage, wanda ya bi umarninsa kuwa zai wanke fim ya tarar da shahon da ya ɗauka a kan busasshen reshe ya zama baƙin dunƙule, babu ido babu gashi. Rabin fim ɗina na farko haka ya tafi. Maganin da na koya shi ne in sunkuyar da kyamarar in auna busasshiyar ciyawa ko jikin bishiyar da haske iri ɗaya yake dukansu da dabbar, in saita, sannan in ɗaga in yi biris da alamar ƙarin da za ta kama. A nan ne rashin aiki da kanta ya zama alheri, domin abin da mutum ya saita yana nan inda ya bar shi, ba ya motsi don sama ta shigo cikin hoto.

A gefen kogin Gaji da ke cikin Yankari, inda bishiyoyi suka yi duhu, matsalar takan juye. Ɓauna ko giwa idan ta cika da'irar tsakiya da baƙin jikinta, ma'aunin yakan nemi haske fiye da kima, sai ganye da yashin da ke bayanta su ƙone su zama fari. Awon ciyawa shi ne maganin wannan ma, tare da tuna cewa fim mai launi irin na negetif yana jure ƙarin haske na mataki ɗaya ko biyu (kowane mataki ninkin haske ne) ba tare da ya lalace ba, amma ba ya yafe ƙarancinsa, don haka idan na yi shakka nakan karkata wajen ƙari. Ya kamata in faɗa a nan cewa a zuwana biyu sau ɗaya tak na ga giwaye. Garken Yankari yana cikin mafi girma da suka rage a Najeriya, amma dajin ya kai murabba'in kilomita 2,244, kuma babu wanda ya ɗaure su a bakin hanya. Ranar da muka gamu da su suna kamar mita 40 daga motarmu, a wannan tazara kuwa gilashin 300mm yana ɗaukar faɗin mita 4.8 da tsayin mita 3.2, wato babbar giwa ɗaya ta cika hoton daidai. Na ɗauki tara kafin su shige kurmi, bakwai sun yi kyau.

Saiti ne inda gizo yake saƙa. FM2 ba ta saita kanta, da yatsu ake juya zobe har abu ya fito sarai, kuma allon saitin da take zuwa da shi, mai lamba K2, yana da ƙaramar da'ira a tsakiya wadda ta rabu gida biyu: duk layin da ya ratsa ta yakan bayyana a karye, sai saiti ya yi daidai sannan ya haɗe. Ga bango ko jikin giginya ko fuskar mutum da gilashin 50mm, babu abin da ya fi wannan sauri. Da dogon gilashi mai f/4.5 kuwa, rabin da'irar yakan fara dusashewa idan ido bai zauna daidai tsakiyar taga ba, da na ƙara masa gilashin ninki TC-14B, wanda ya mai da shi 420mm ya kuma cinye mataki ɗaya na haske, sai rabin ya zama baƙi ƙirin. Bayan wannan, jikin dabba ba shi da miƙaƙƙen layi, gashi ne da lanƙwasa, idon da ake so ya fito kuma ba safai yake faɗowa a tsakiyar hoto ba. A ƙarshe na daina kallon da'irar baki ɗaya, na koma saiti da shimfiɗaɗɗen filin da ke kewaye da ita, wanda yake buƙatar ido mai kyau da sabo na watanni. Mai sa tabarau yana da ƙarin wahala, domin sai ido ya matso sosai ake ganin kusurwoyi huɗu na tagar.

Lissafi kaɗan zai nuna girman al'amarin. Da 300mm a buɗe a f/4.5, idan dabba tana nisan mita 10, zurfin wurin da zai fito sarai bai wuce kamar santimita 30 ba, a mita 20 kuwa ya ɗan haura mita guda. Mazo, wanda yakan fito bakin kurmi da sassafe yana taku yana tsayawa, taku ɗaya ya ishe shi ya fice daga wannan ɗan zurfi, kuma kafin yatsa ya bi shi ya sake matsawa. A dabbobin da ke tsaye ko kwance, irin su kada a kan yashi, da gadu da ya durƙusa yana kiwo, da gwambaza da ta tsaya tana kallon mota, kusan duk abin da na ɗauka ya fito. A masu motsi kuwa, in na sami ɗaya cikin uku na gode wa Allah. Mai dijital zai ɗauki hamsin ya share arba'in da tara bai yi asarar ko sisi ba, ni kuwa kowane danni kuɗi ne.

Tafiyar Nguru ce ta nuna mini iyakar kayan nan ƙarara. Fadamar wuri ne da tsuntsayen ruwa suke taruwa da rani, har da baƙi masu tasowa daga Turai suna gudun sanyi, kuma na je da burin dawowa da hotuna irin na littattafan tsuntsaye, inda ake ƙirga gashin fiffike. Ban samu ba. A nisan mita 20 faɗin hoton 300mm mita 2.4 ne, saboda haka tsuntsun da tsawonsa bai wuce taƙi ɗaya ba yana cin kamar kashi ɗaya cikin goma sha biyu na faɗin, kuma tsuntsayen fadama ba su cika barin kwalekwale ya matso haka ba. Negetif ɗin kansa milimita 24 ne da 36, idan aka yanko ɗan tsakiyarsa aka faɗaɗa, tsakin fim 400 yana fitowa kamar an watsa gero. Ga kwalekwale yana rawa, ga ciyawar kachala ta tare gaba a wurare da dama. Da na haƙura da wancan buri sai na fara samun abin kirki: garken kirinjijiya yana tashi gaba ɗaya a kan ruwa da asuba, belbela a bayan shanun Fulani, zalɓe a tsaye shi kaɗai masunci yana wucewa a bayansa. Irin hoton da ya dace da FM2 ke nan, tsuntsu a cikin mazauninsa. Mai tashi kuwa hanya ɗaya na samu ta kama shi, wato in lura da kututturen da yake yawan komawa, in saita a kansa tun kafin ya zo, in jira. Na taɓa yin kusan awa guda a haka don hoto biyu.

Ƙararta ma abin lura ce. Madubi da labulen ƙarfe suna bugawa da kaifi, a cikin gari ba a ji, amma a shirun daji da safe mazo da gada suna ɗaga kai a danni na farko, sau da yawa babu na biyu. Bika kam ko a jikinsu, su da suka saba da mutane a sansanin Wikki na Yankari har suna wawure leda a hannun baƙo, abin da ya sa ban taɓa ajiye jakar fim a ƙasa a wurin ba. Hannun jan fim kuma shi ne makullin maɓallin dannawa, sai an ɗan zaro shi waje kyamarar take buɗewa, mai leƙe da idon hagu irina zai ji yana tokare masa goshi. Na ari injin jan fim MD-12 don in huta da wannan, yana jan fiye da hoto uku a daƙiƙa, amma da batira takwas yake aiki, ya ƙara nauyi, ya ninka ƙara, ga shi yana iya cinye fim guda cikin daƙiƙa goma sha biyu. Na ga an yi gudun gara an faɗa gidan zago, na mayar wa mai shi.

A cikin motar zagaya daji ba a kafa ƙafa uku, wato maɗorin kyamara, kuma gilashin 300mm a hannu yana buƙatar gudun 1/500 ko fiye kafin rawar hannu ta ɓace, alhali da sassafe a inuwa ma'auni yakan sauko da mutum 1/125. Abin da ya cece ni tsohuwar safa ce da na cika da gero na ɗaure bakinta, ina ɗora ta a kan ƙarfen mota in kwantar da gilashin a kai, in roƙi direba ya kashe inji. Don hoton fili a kan ƙafa uku kuwa, kyamarar ba ta da maɓallin ɗage madubi na musamman, amma idan aka ja agogon jinkirinta madubin yana ɗagawa tun farko, girgizarsa ta lafa kafin labule ya buɗe.

Game da fim, iri huɗu na gwada. Kodak Portra 400 shi ne mafi haƙuri da kuskuren awo, launinsa mai laushi ne, wanda yake kyau da yamma amma a hazo yakan sa komai ya yi fari-fari kamar tsohon zane. Kodak Ektar 100, wanda ya fito a 2008, tsakinsa ƙanana ne ƙwarai, launinsa kuma mai ƙarfi, shi ya fitar mini da jan marmara da koren ganyen da ke kewaye da maɓuɓɓugar Wikki, inda ruwan ɗumi mai zafin digiri 31 yake fitowa daga ƙarƙashin dutse, garau har ana ganin farin yashin ƙasansa. Sai dai ƙarfin 100 ya yi kaɗan ga dogon gilashi da safe, na fili ne da bishiyoyi. UltraMax 400 ya fi su araha, ga mai koyo kuma ya wadatar, tunda a farko kuskuren mutum ya fi na fim yawa. Wanda ya ba ni mamaki shi ne Ilford HP5 Plus, baƙi da fari. Hazon da ke kashe launi shi ne yake yi wa baƙi da fari ado, kuka ta kusa ta fito baƙa, ta bayanta toka-toka, ta can nesa kamar inuwa. Ana kuma iya ɗaukarsa a matsayin 1600 a ƙara masa lokaci wajen wanki, wanda yake ba da matakai biyu na gudu a lokacin da aka fi buƙatarsu.

Fim ba ya son zafi ko kaɗan, musamman mai launi. Nakan ajiye nawa a firji cikin gwangwaninsa na roba, in fito da shi awanni kafin amfani don kada raɓa ta kwanta masa, a tafiya kuma ina naɗe shi a tsakiyar kaya, ban taɓa barinsa a motar da aka rufe a rana ba. Wanda zai sa a taho masa da fim ta jirgin sama ya gargaɗi ɗan saƙon kada ya saka shi a kayan da ake aunawa, ya kuma nemi a duba shi da hannu, domin sababbin na'urorin binciken kaya suna iya lalata shi a wucewa ɗaya. Ita kyamarar ƙura ba ta hana ta aiki, amma tana shiga duk lokacin da aka cire gilashi, ƙwayar yashi ɗaya a bayan murfi kuwa tana iya jan layi a tsawon fim gaba ɗaya. Ina hure cikinta da famfon roba kafin kowane sabon fim, ban kuma canja gilashi a mota tana tafiya.

Wanki ne babban ƙalubale. Shekarun baya kowane babban gari yana da wuraren wankin fim, yau yawancinsu sun koma buga hotunan waya, 'yan kaɗan da suka rage kuma fim ba ya zuwa musu da yawan da zai sa sinadarinsu ya riƙa sabuntuwa. Wankin fim mai launi, wanda ake kira C-41, yana buƙatar sinadari mai rai da zafin digiri 38 ba ragi ba ƙari. Fim uku na tafiyata ta farko na kai wani shago da ba zan ambata ba, suka dawo da kore-kore a inuwa da zane a bayan biyu daga ciki, mai shagon kuma ya ce laifin kyamarata ne. Na san ba haka ba ne, domin fim na huɗu daga tafiyar, wanda na aika wani wuri a wani gari, ya dawo lafiya lau. Tun daga ranar ba na ba kowa fim mai muhimmanci sai na fara gwada shi da wanda ban damu da shi ba. Idan aka haɗa kuɗin fim, wanda yake bin farashin dala, da na aikawa da na wanki da na mayar da hotuna cikin kwamfuta, abin da na kashe a fim 14 ya zarce kuɗin kyamarar kanta.

Wannan ne ya tura ni wanke baƙi da fari a gida, kuma ya fi sauƙi a kan yadda na zata. Ana buƙatar ƙaramin tankin wanki, da baƙar jaka mai hannuwa da ake naɗa fim a cikinta, da ma'aunin zafi, da sinadarai. HP5 Plus a cikin sinadarin wanki ID-11 da ba a sirka ba yana ɗaukar minti bakwai da rabi a digiri 20. Wannan digiri 20 shi ne matsalar ƙasarmu, amma a tsakiyar hunturu ruwan randa da asuba yakan sauko kusa da haka da kansa, a watan Afrilu kuwa sai an nemi ƙanƙara. Shanya ita ce ɗaya matsalar, domin jiƙaƙƙen fim yana kama duk ƙurar da ke yawo, ta bushe a jikinsa har abada. Nakan yayyafa ruwa a banɗaki ƙura ta kwanta, in rataye shi, in rufe ƙofa, in hana kowa shiga har awa biyu, abin da mutanen gidana ba su gama yafe mini ba.

Wanda ya yanke shawarar saye ya buɗe bayanta ya dubi labulen ba tare da ya taɓa shi ba, ya tabbata babu lanƙwasa ko alamar yatsa, na farkon ƙira na titaniyam ne mai zanen saƙar zuma, na baya kuma na alminiyam ne mai santsi, duka biyun suna aiki. Ya duba soson da ke bakin murfi da wajen madubi, domin yakan narke ya zama kamar kwalta haske ya riƙa satar shiga, ko da yake canja shi aiki ne mai arha. Gilashi kuwa a haska shi da tocila daga baya a nemi zaren fumfuna, musamman wanda ya zauna a garuruwan bakin teku masu danshi. Dogon gilashina na farko ta intanet na saye shi a hannun wani da ya rantse mini tsaf yake, ya iso da fumfuna kamar yanar gizo, kuɗina kuma bai dawo ba. A kula da cewa gilasan Nikon na kafin 1977 waɗanda ba a yi musu gyaran da ake kira AI ba, wanda yake haɗa su da ma'aunin haske, suna iya lalata ɗan haƙorin awo da ke bakin FM2, sababbi masu harafin G kuma ba su da zoben buɗe baki, don haka ba su da amfani a kanta. Bayan an saka fim a riƙa kallon maɓallin naɗewa na hagu, in bai juya ba sa'adda aka ja hannu, fim bai kama ba. Na taɓa ɗaukar yini guda na hotuna a kan fim ɗin da bai motsa daga gwangwaninsa ba, wannan kuwa laifina ne ni kaɗai.

Ga mai son bishiyoyi da duwatsu da fadama da manyan dabbobi masu natsuwa, wanda kuma yake da niyyar koyon awon haske da wanki da hannunsa, kwalliya tana biyan kuɗin sabulu, ban kuma san wata kyamarar fim da zan fi amincewa da ita a wurin da babu wuta babu mai gyara ba. Wanda zuciyarsa take kan tsuntsu a sama ko biri a guje, amma ya nace sai fim, Nikon F100 ta 1999 ta fi dacewa da shi, tana saita kanta, batiranta huɗu kuma irin waɗanda ake samu a kowane kanti ne. Wanda saurin canjin haske ne kaɗai yake damunsa ya dubi Nikon FE2 ta 1983, mai jiki iri ɗaya da gudu iri ɗaya, wadda take zaɓar gudu da kanta amma ta dogara da batir. Ni dai na riga na yi odar allon saiti B2, wanda ba shi da rababbiyar da'irar nan, kuma idan Allah ya kai mu watan Fabrairu zan koma Yankari da HP5 guda huɗu da Ektar guda biyu, gilashin ninkin kuwa a gida zan bar shi.